Damisar Bengal: ya rage wa manoma bashi, amma ya bar su ba gida

Yau za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa Bengal, wani yanki na gabashin Indiya a zamanin mulkin Turawan Ingila, wanda ɓangarensa na gabas ya zama ƙasar Bangladesh ta yanzu. Wani zai ce, to me ya haɗa mutumin Tasawa ko na Madawa da Bengal? Bashi ne ya haɗa su. Manomin da ya ci bashi tsakiyar damina, ya biya da hatsinsa a kaka lokacin da tiya ba ta da daraja, ya kuma koma ƙofar mai kuɗi tun ruwa bai sake sauka ba, in ya gamu da manomin shinkafa na can ba sai an nemo musu tafinta ba.

A wannan yanki an yi wani ɗan siyasa, Abul Kasem Fazlul Huq, wanda mutanensa suka laƙaba wa suna Sher-e-Bangla, wato Damisar Bengal. Shi ne firaministan farko na lardin Bengal a 1937, kuma da sunan manomi mai bashi ya hau kujerar. Ga ra'ayinmu a kansa tun farko, don kada mu yi ta kewaye-kewaye: mutumin ya yi wa talaka abin da ba kasafai ƴan siyasa ke yi ba, ya ɗauki alkawarin kamfe ya mai da shi doka. Amma kuma ya bar jam'iyyar manoman ta mutu a hannunsa domin ya riƙe gwamnati, har ranar da aka ture shi, waɗanda suka zaɓe shi suka duba ba su ga inda za su fake ba. Mu da muke da manoma a kowane gida, ya kamata mu san dukan biyun.

Bari mu fara da ƙasar noma, domin a nan matsalar take. A 1793 gwamnan Turawa, Lord Cornwallis, ya kafa wani tsari a Bengal wanda ya mallaka wa wasu manyan mutane ƙasa, ana ce musu zamindar. Shi zamindar yana biyan gwamnati harajin da aka yanke sau ɗaya, ba ƙari har abada. Amma abin da zai karɓa daga hannun manomin da ke zaune a ƙasar tasa, wannan kam yana iya hawa. Ban da kuɗin haya, akwai ƙananan tara da kyautar dole iri-iri. In manomi ya sayar da haƙƙinsa na gona ga wani, sai an ba zamindar nasa kason. Da yawa daga cikin masu ƙasar nan ma ba sa zama a ƙauye, suna birnin Kalkata, wakilansu ne ke bi gida-gida suna karɓa. A gabashin Bengal akasarin manoman Musulmi ne, akasarin masu ƙasa da masu ba da bashi kuwa mabiya addinin Hindu ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da manomin ke sayarwa ya sami kuɗi shi ne jut. Dangin lalo ne, sai dai dogo, ana jiƙa karansa a ruwa a ɓare zaren kamar yadda muke yi wa rama, da shi ake saƙa buhun zare irin wanda ake ɗura gyaɗa da albasa. Da kasuwannin duniya suka karye daga 1929, farashin jut ya faɗi ƙasa warwas. Kuɗin haya bai sauka ba, kuɗin ruwan mai ba da bashi, wanda suke kira mahajan, shi ma bai sauka ba. Mutum ya gaji bashin ubansa, ya yi shekaru yana biya, uwar kuɗin tana nan daram. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To a Bengal ta wancan lokaci ya wuce hanji, ya zama igiya a wuya.

Shi Fazlul Huq ba ɗan talaka ba ne, kada mu yi masa ƙarya. An haife shi ran 26 ga Oktoba 1873 a gundumar Bakerganj, yankin Barisal, ƙasar koguna a kudancin Bengal. Ubansa lauya ne. Ya yi karatu a Kalkata, ya sami babban digiri a fannin lissafi, sannan ya karanta shari'a. A 1906 ya shiga aikin gwamnati, daga baya aka ba shi mataimakin mai kula da ƙungiyoyin gama-kai na manoma. Wannan aiki ne ya sa shi yawo ƙauye-ƙauye cikin kwale-kwale, yana buɗe littattafan bashi yana ganin yadda lissafin yake tafiya. Mai digirin lissafi ne, ba a iya rufe masa ido da alƙaluma. A 1912 ya ajiye aikin ya koma lauya, a 1913 aka zaɓe shi majalisar dokokin Bengal.

Daga nan sai hawa. A zamanin akwai manyan jam'iyyu biyu a Indiya, Congress wadda ke cewa ita ta kowa ce, da Muslim League ta Musulmi. A wajen 1918 Fazlul Huq yana shugaban League, kuma a lokaci guda yana babban sakataren Congress. Ya riƙe ministan ilimi na Bengal na ƴan watanni a 1924, ya je tarukan shawara na Landan a farkon shekarun 1930, ya zama Musulmi na farko da ya riƙe magajin garin Kalkata a 1935. Amma abin da ya bambanta shi da sauran manyan Musulmin Bengal shi ne baki. Su da yawansu Urdu suke yi a gida, harshen fada da sarauta. Shi kuwa in ya hau mumbari Bengali yake yi, irin na ƙauyen Barisal, da karin magana da barkwanci, manomi ya ji kamar maƙwabcinsa ne ke magana.

A 1936 ya jagoranci jam'iyyar Krishak Praja, ma'ana jam'iyyar manoma da masu hayar gona. Dokar da Ingila ta yi wa Indiya a 1935 ta ƙara yawan masu jefa ƙuri'a, manoma masu ɗan hali suka shigo ciki. Alkawuran jam'iyyar a fili suke: a soke mallakar zamindar ba tare da diyya ba, a rage kuɗin haya, a sassauta bashi, a ba yara ilimin firamare kyauta. Taken kamfensa kalma biyu ne, dal-bhat, wato wake da shinkafa, abincin talakan can. Kamar a ce mana tuwo da miya. A zaɓen 1937 ya je har mazaɓar Patuakhali ya tsaya takara da Khwaja Nazimuddin, ɗan gidan sarautar Dhaka, wanda danginsa ke da ƙasa a yankin. Manoman da ke biyan haya ga gidan su Nazimuddin suka shiga rumfa suka zaɓi Fazlul Huq, ya kada shi da rata mai yawa.

To ga inda gizo ke saƙar. Majalisar tana da kujeru 250, jam'iyyar manoma ta sami 36. Ba wanda ya sami rinjaye, dole a yi ƙawance. Ya fara neman Congress, magana ta watse, domin su abin da suka sa gaba shi ne sakin fursunonin siyasa, shi kuwa yana son a fara da batun gona da bashi. Sai League ta miƙo masa hannu, ta ce ga kujerar firaminista. Ya karɓa, ya kama aiki ran 1 ga Afrilu 1937. Ku dubi majalisar ministocinsa: mutum 11, daga jam'iyyar manoma shi da mutum ɗaya ne kawai. Nazimuddin da ya kada jiya ya zama ministan cikin gida. Ma'aikatar harajin ƙasa, wadda ita ce za ta soke mallakar zamindar, aka ba wani zamindar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Duk da haka, a faɗi gaskiya, ya yi aiki. Akwai dokar sasanta bashin manoma da aka yi tun kafin ya hau, amma gwamnatinsa ce ta ba ta ƙafafu. Aka kafa dubban kwamitocin sasanta bashi a karkara, mutanen yankin ne ke zama a ciki. Manomi ya kai kukansa, a kira mai kuɗi, a buɗe takarda, a duba nawa aka ara, nawa aka riga aka biya. In an ga kuɗin ruwa ya wuce hankali a zabge shi, abin da ya rage a raba shi kashi-kashi na shekaru yadda gona za ta iya ɗauka. Muddin magana tana gaban kwamiti, kotu ba ta da ikon sa a yi gwanjon gonar mutum. Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi ga wanda bai taɓa zama tabarma ɗaya da mai binsa bashi ba sai dai ya durƙusa.

A 1938 aka gyara dokar hayar gona: aka soke kason da zamindar ke karɓa in an sayar da haƙƙin gona, aka kuma hana ƙarin kuɗin haya har shekara 10. A 1940 aka yi dokar masu ba da bashi: sai da lasisi, an ƙayyade kuɗin ruwa a kashi 8 cikin 100 in akwai jingina, kashi 10 in babu, kuma ba a tilasta wa kowa ya biya fiye da ninkin uwar kuɗi. Ma'aikatar ilimi shi da kansa ya riƙe ta. A zamaninsa aka buɗe makarantar koyon aikin gona a Dhaka a 1938, wadda yau jami'a ce mai ɗauke da laƙabinsa, da kwalejin ƴan mata ta Lady Brabourne a Kalkata a 1939. Waɗannan ba surutun dandali ba ne, abubuwa ne da aka sa wa hannu, aka buga wa hatimi.

Amma ina babban alkawarin, soke mallakar zamindar? Aka kafa masa kwamitin bincike a 1938, ƙarƙashin wani Bature, Francis Floud. Mu ma nan mun san ma'anar a kafa wa magana kwamiti. A 1940 kwamitin ya ce lalle a soke tsarin 1793, rahoto ya shiga durowa. Sai a 1950 aka yi dokar sokewar a gabashin Bengal, lokacin Fazlul Huq ba ya kan mulki. Na biyu, dokokin nasa sun fi amfanar manomi mai ɗan hali, wanda ke da haƙƙin gona a takarda. Mai noman raba-daidai, wanda ke noma gonar wani a raba amfanin biyu, da ɗan ƙwadago, ba su ga wani canji ba, har sai da suka yi nasu boren a 1946 suna neman kashi biyu cikin uku. Na uku, da mahajan ya ga doka ta matse shi sai ya naɗe hannu. Ba a tanadi wata ƙofa isasshiya da manomi zai ƙwanƙwasa in ya rasa iri ba, sai wasu suka koma sayar da gonar ɗungurungum.

Masu kare shi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa da kujeru 36 me kuke so ya yi? In ya ƙi zama da masu ƙasa, wani ne zai hau, kuma da ba a sami ko dokar 1938 ba. Mun yarda. Siyasa ba a yin ta da wanda kake so kaɗai, kuma rabin buhu a rumbu ya fi cikakken buhu a bakin maroƙi. Laifin da muke gani ba a ƙawancen yake ba, a farashin da ya biya yake. Cikin watan Oktoba 1937, a taron Lucknow, ya shiga League da kansa. Ƴan jam'iyyarsa masu ra'ayin manoma suka yi fushi, da yawa suka koma ɓangaren adawa, har suka nemi kada gwamnatinsa a 1938. Maimakon ya gyara gidansa, sai ya ƙara jingina da League. Ya zagaya karkara yana tallata ta, ya kai ta ƙauyukan da a da ba ta san hanyarsu ba.

Kun tuna mun ce a riƙe maganar addinin masu ƙasa da na manoma? Ga amfaninta. Jam'iyyar Krishak Praja tana cewa rigimar tsakanin mai gona ce da mai karɓar haya, ko wane ne shi. League kuwa tana cewa tsakanin Musulmi ce da Hindu, alhali cikin shugabanninta akwai manyan zamindar Musulmi. Da Fazlul Huq ya ɗauki farin jininsa ya zuba a tukunyar League, maganar gona ta narke cikin maganar addini. Ran 23 ga Maris 1940, a taron Lahore, shi aka ba ya gabatar da ƙudurin da ya nemi yankunan da Musulmi suka fi yawa, a arewa maso yamma da kuma gabas, su zama ƙasashe masu cin gashin kansu. Ƙasashe aka rubuta, ba ƙasa ɗaya ba. Wannan ƙuduri ne daga baya aka gina Pakistan a kansa.

Ba a yi shekara biyu ba suka ɓata da shugaban League, Muhammad Ali Jinnah. A 1941, ana cikin yaƙin duniya na biyu, wakilin Sarkin Ingila ya sa shi a majalisar tsaron ƙasa, Jinnah ya ce ya fita. Ya fita, amma ya rubuta wasiƙa mai zafi yana cewa shugabannin da ke nesa ba su san halin Bengal ba. A Disamba 1941 aka kore shi daga League. Damisa ƙi sabo, sai ya juya ya kafa sabuwar gwamnati tare da Syama Prasad Mukherjee na jam'iyyar Hindu Mahasabha, mutumin da jiya suke zagin juna. Wasu na ganin wannan ƙoƙari ne na gaskiya na haɗa Musulmi da Hindu, wasu na ganin son kujera ne. Mu dai abin da muka lura da shi shi ne, League ta shiga ƙauyukan da shi ya buɗe mata, tana gaya wa manomansa cewa ya ci amanar Musulmi.

A 1942 Japan ta kama ƙasar Bama, maƙwabciyar Bengal, inda ake shigo da shinkafa. Turawa, don tsoron kada abokan gaba su sami abin hawa, suka ƙwace dubban kwale-kwale a gundumomin bakin teku, suka kwashe shinkafa. A ƙasar koguna kwale-kwale shi ne jaki, shi ne amalanke, shi ne motar kasuwa. Ga guguwa ta afka wa Midnapore a watan Oktoba. Fazlul Huq ya yi ta sa-in-sa da gwamna John Herbert kan waɗannan abubuwa. A ƙarshen Maris 1943 gwamnan ya kira shi fada, ya ajiye masa takardar murabus da aka riga aka buga, ya sa hannu. Nazimuddin ya hau. A shekarar ce yunwa ta kashe mutanen da ake ƙiyasta sun kai wajen miliyan 3, akasarinsu talakawan karkara. A lokacin da manomin Bengal ya fi buƙatar murya tasa ta kansa, jam'iyyarsa ta riga ta zama kango. A zaɓen 1946 League ta share kusan dukan kujerun Musulmi. Shi Fazlul Huq ya ci tasa kujerar, domin har lokacin ana ƙaunarsa, amma bayansa ba kowa.

Bayan raba ƙasa a 1947, gabashin Bengal ya faɗa cikin Pakistan, ya koma Dhaka ya riƙe babban lauyan gwamnatin lardi. Sai rigimar harshe ta taso: shugabannin Karachi suka ce Urdu kaɗai ne harshen ƙasa, alhali masu jin Bengali su ne mafi yawa. Ran 21 ga Fabrairu 1952 ƴan sanda suka harbe masu zanga-zanga a Dhaka, ranar da yau duniya ke tunawa da ita a matsayin ranar harshen uwa. Tsohon ya sake fitowa. Ya kafa sabuwar jam'iyya a 1953, suka haɗa gwiwa da Huseyn Suhrawardy da Maulana Bhashani na Awami League, alamarsu kwale-kwale. A zaɓen Maris 1954 suka cinye kujeru 223 cikin 237 na Musulmi. Yana da shekara 80 ya zama shugaban gwamnatin lardi. Cikin ministocinsa akwai wani matashi, Sheikh Mujibur Rahman.

Gwamnatin ba ta cika wata biyu ba. Ya ziyarci Kalkata ya yi maganar zumuncin ƴan Bengal na ɓangarorin biyu, wata jaridar Amurka ta ce yana neman ɓallewa, shi ya musanta, amma gwamnatin tsakiya ta kira shi maci amanar ƙasa, ta rushe gwamnatinsa ran 30 ga Mayu 1954. Abin mamaki, a 1955 ya karɓi ministan cikin gida na Pakistan, a 1956 ya zama gwamnan Gabashin Pakistan har 1958. Ya rasu ran 27 ga Afrilu 1962. An binne shi a Dhaka, kuma a wuri ɗaya aka binne Suhrawardy da Nazimuddin daga baya. Jam'iyyarsa ta biyu ita ma ba ta yi tsawon rai ba. Wadda ta rayu ita ce Awami League, wadda Mujibur Rahman ya bi gunduma-gunduma yana kafa mata rassa, kuma ita ta ja ragamar ƴancin Bangladesh a 1971. Yau unguwar da majalisar dokokin ƙasar take a Dhaka sunanta Sher-e-Bangla Nagar. Suna kam ya bari.

Dattawanmu da suka ga ƙarshen mulkin Faransa, in sun ji wannan labari za su ce ai mun san irinsa. Djibo Bakary shi ma da sunan talaka ya tashi, ya riƙe magajin garin Yamai a 1956, ya haɗa kai da jam'iyyar da sarakuna ke mara wa baya, ya ci zaɓen 1957 ya jagoranci gwamnati. Da ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, gwamna Colombani ya juya masa, da yawa daga cikin abokan ƙawancen suka zame, a 1959 aka haramta Sawaba. Ba mu ce labarin biyu ɗaya ba ne, Djibo bai bar jam'iyyarsa ba, murƙushe ta aka yi. Amma a duka biyun an ga abu guda: ƙuri'ar talaka ce ke kai mutum ƙofar fada, waɗanda ya tarar a zaure su ke yanke iya inda zai taka.

To mu yau me za mu ɗauka? Abu na farko, duk wanda ya zo mana da sunan talaka, da rawani ya zo ko da kwat ko da kaki, kada mu tsaya ga daɗin bakinsa. Mu tambaye shi wace doka, wane ofishi, wa zai zauna a ciki, kuma ina manomin Dakwaro ko na Matamaye zai kai kukansa ba tare da ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota ba. Ƙarfin kwamitocin Bengal shi ne kusa suke da mutane, kuma hukuncinsu na tsai da gwanjo. Mu ma muna da abin da za a gina a kai. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye daga ƙauye zuwa komin zuwa gunduma, suna iya ba da takardar saye da ta aro da ta jingina. Gonaki nawa ne a kudancin Maraɗi ke hannun mai kuɗi da sunan jingina, ba takarda, ba ranar fansa? Me zai hana a ba wata hukuma ta kusa ikon zama da ɓangarorin biyu ta duba irin wannan bashi?

Abu na biyu, kada a rufe ƙofar mai ba da bashi ba a buɗe wata ba. Ɗan kasuwar da ke ba da buhu cikin watan Agusta ya karɓi biyu a kaka, muna iya zaginsa a rediyo daga safe har dare, amma ranar da yaro ya kwanta ba lafiya ƙofarsa ce a buɗe. Bengal ta nuna cewa in an matse shi kawai, gonar ce ke tafiya. Tsarin warantaj da wasu ƙungiyoyin manoma ke yi a nan, a ajiye hatsi a sito a kulle, a karɓi rance a kansa, a sayar in farashi ya tashi, irin ƙofar da muke nufi ke nan. Haka bankunan hatsi na ƙauye in an sami masu riƙon amana. Mai albasar Galmi da ke zubar da ita a arha lokacin girbi don mai binsa bashi na tsaye a bakin gona, ba wa'azi yake buƙata ba, wurin ajiya da rancen ƴan watanni yake buƙata.

Abu na uku shi ne wanda ya fi mana ciwo. Manoman Bengal sun so mutum, ba su riƙe ƙungiya ba. Duk inda Damisa ta juya suka bi ta da ido, har ranar da aka fitar da ita daga fada suka tarar ba su da rassa, ba su da asusu, ba su da wanda zai yi magana da yawunsu. Mu ma haka muke yi. Ƙungiyar manoma ko ta makiyaya ko ta mata masu sana'a, da shugabanta ya yi suna sai a kira shi Yamai a ba shi muƙami, ƙungiyar ta zama tsani, a jingine ta a bango. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun damisa ne. In namu ya shiga gwamnati, madalla, mu yi masa addu'a, amma littafin ƙungiya da kuɗin karo-karo da ranar taro su tsaya a ƙauye, a hannun waɗanda ba a naɗa komai ba. Ta haka ne in ya yi daidai a mara masa, in ya kauce a ja masa riga, in an kore shi a sami wurin komawa.

Fazlul Huq ya cancanci girmamawar da mutanensa ke yi masa. Akwai iyalai a Bengal da gonarsu ta tsira saboda wata takarda da aka sa wa hannu a zamaninsa, kuma ba kowane shugaba ne za a faɗa wa haka ba. Amma gani ga wane ya ishi wane. Kaka na tafe, masu bin bashi sun riga sun san gonar da za su fara tsayawa. Kafin lokacin, kowa ya tambayi ƙungiyar garinsu yaushe rabon da ta yi taro, kuma wa ke riƙe da makullin sito. Mu kwana nan, Allah ya ba mu damina mai albarka.